Kasuwar Lamuni Ba Bulala Ba Ce

Ran Litinin, 31 ga Yulin 2023, baitulmalin Jamhuriyar Nijar ya shirya fita gwanjo domin neman rancen sefa biliyan 30 a kasuwar lamuni ta ƙasashen UEMOA. Irin wannan gwanjo ya zama ruwan dare a yankin, da wuya mako ya wuce wata daga cikin ƙasashen takwas ba ta yi nata ba, har ma ba a cika damuwa da sa shi a labarai ba. Amma a ranar kasuwa ba ta ci ba. Kwana biyar kafin nan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum, ana gobe gwanjon kuma shugabannin ECOWAS sun zauna a Abuja sun ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Babban bankin yankin, BCEAO, ya soke gwanjon, aka kuma kulle asusun gwamnatin Nijar da ke hannunsa. Daga nan sai wa'adin biya ya riƙa zuwa yana wucewa, wata bayan wata. Zuwa Fabrairun 2024 abin da ya taru a kan Nijar ba a biya ba ya kai sefa biliyan 313, wato fiye da Dalar Amurka miliyan 500.

Mai karatu ya ɗan dakata ya tambayi kansa, kuɗin wa aka riƙe? Janar Abdourahamane Tiani ba ya cikin masu bin Nijar wannan bashi. Masu bin ta su ne bankunan Lome da Kwatano da Wagadugu da Abijan, da na Yamai kanta, waɗanda suka ɗauki ajiyar 'yan kasuwa da ma'aikata suka sayi takardun Nijar bisa yardar cewa ran biya za a biya. An ɗaga sanda don a bugi soja, ta sauka a bayan mai ajiya.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, kasuwar lamuni ta yanki, wadda ƙasashe maƙwabta ke rance a cikinta da kuɗinsu na gida, tana cikin mafi ƙarfin garkuwar da ƙasa matalauciya za ta iya riƙewa a duniyar yau. Afirka ta Yamma ta yi sa'ar gina guda tun wasu ba su fara tunani ba. Sai ga shi da hannunta ta mayar da ita bulalar horo har sau biyu cikin shekara biyu, kuma har yanzu masu taron ƙara wa juna sani suna ta maganar "zurfafa kasuwa" kamar babu abin da ya faru.

Bari mu fara daga tushe, don kada a bar kowa a baya. Takardar lamuni alkawari ce a rubuce. Gwamnati ko kamfani ya karɓi kuɗinka yau, ya ɗauki alkawarin ba ka wani kaso a kai a kai, ran da wa'adi ya cika kuma ya mayar maka da uwar kuɗi. Abin da ya raba ta da bashin da kake ba maƙwabcinka shi ne ana iya sayar da ita. In buƙata ta taso maka kafin wa'adi, sai ka miƙa wa wani ya ba ka kuɗi, shi ya ci gaba da jira. Wurin da ake wannan saye da sayarwa shi ne kasuwar, kuma ba ta da rumfa ko sito. Jarinta kaf shi ne amana.

Babbar tambaya a kan kowane bashin gwamnati ita ce da wane kuɗi aka ci shi. Gwamnati tana karɓar haraji da naira ko sidi ko sefa. In ta ci bashi da dala, ta ɗaure wuyanta da igiyar da bakinta ke hannun wani. Dubi Najeriya. A watan Mayun 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati, saboda haka bashin dala biliyan ɗaya daidai yake da naira biliyan 460. Kafin shekara ta zagayo dala ta kai wajen naira 1,500, bashin nan kuwa ya koma naira tiriliyan ɗaya da rabi, alhali ba a ƙara ranto ko sisi ba, ba a gina ko aji ɗaya da ƙarin ba. A 1999 wasu masana tattalin arziki biyu, Barry Eichengreen da Ricardo Hausmann, suka yi wa wannan cuta ta kasa rance da kuɗin gida laƙabi da "zunubin asali". Duk da haka ministocin kuɗinmu ba su daina ɗokin kasuwar Landan ba. Ghana ta buɗe ƙofa a 2007 da dala miliyan 750, Najeriya ta bi sahu a 2011 da miliyan 500, kowa ya dawo ana buga masa tambari wai an yi rububin takardunsa. Sakamakon bai ɓuya ba. Zambiya ta gaza biya a Nuwamban 2020, Ghana a Disamban 2022, Habasha kuma a Disamban 2023 a kan kuɗin ruwa na dala miliyan 33 kacal. A Disamban 2024 Najeriya ta sake rantar dala biliyan 2.2, kuma kason da ke da wa'adin shekara goma ruwansa kashi 10.375 cikin ɗari ne duk shekara. Mai karatu ya ninka wannan sau goma zai ga ruwan kaɗai ya zarce uwar kuɗin, kuma duka da dala za a biya.

Mutanen gabashin Asiya sun sha wannan ɗaci kafin mu. Ran 2 ga Yulin 1997 Tailan ta saki kuɗinta, bat, bayan ta ƙarar da ajiyarta wajen kare shi. Daga bat 25 a kan dala ɗaya ya faɗi zuwa fiye da 50 cikin wata shida. Rupiyar Indunusiya ta tashi daga wajen 2,400 ta haura 16,000, tarzoma ta ɓarke, mulkin Suharto na shekara talatin da 'yan kai ya ƙare a Mayun 1998. Koriya ta Kudu, da duk masana'antunta, sai da aka haɗa mata tallafin dala biliyan 57 ko fiye ƙarƙashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Da ƙura ta lafa suka gane cewa ciwon biyu ne a haɗe. Bankuna da kamfanoni sun ranto dala sun zuba a ayyukan da ke kawo kuɗin gida, sun kuma ranto na 'yan watanni sun zuba a gine-ginen da sai bayan shekaru za su fara biya. Abin takaicin shi ne mutanen yankin suna cikin mafiya tattali a duniya, amma ajiyarsu sai ta tafi Amurka da Turai ta dawo musu a matsayin bashin dala mai gajeren wa'adi.

Maganin da suka nema ba mai ƙyalli ba ne. A 2000 ƙasashen ASEAN goma tare da Sin da Japan da Koriya ta Kudu suka ƙulla yarjejeniyar Chiang Mai ta ara wa juna kuɗin waje a lokacin tsanani. A 2003 manyan bankuna goma sha ɗaya na yankin suka haɗa dala biliyan ɗaya don sayen takardun junansu, a 2005 suka ƙara biliyan biyu, wannan karon a takardun kuɗin gida. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma a garin zuba su ne aka gano duk inda ƙaya take, harajin da ke korar baƙo, dokar da ke hana fitar da riba, tsarin biya mai jan ƙafa, aka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya. A 2010 aka kafa asusun lamuncewa mai jarin dala miliyan 700 don kamfanoni su iya rance da kuɗin gida. Zuwa ƙarshen 2020 takardun kuɗin gida a ƙasashe masu tasowa na gabashin Asiya sun haura darajar dala tiriliyan 20. Gaskiya ne kaso mafi tsoka na Sin ne, gaskiya ne kuma asusun Chiang Mai, wanda aka kai shi dala biliyan 240, ba a taɓa taɓa shi ba, don ko a 2008 Koriya wajen babban bankin Amurka ta nufa. Ban kawo Asiya don in ce aljanna ce ba. Na kawo ta ne saboda abu ɗaya. Sojojin Tailan sun yi juyin mulki a 2006, sun sake yi a 2014, kuma ba a hana mai riƙe da takardar gwamnatin Tailan kuɗinsa ba saboda wannan.

Mai lura zai ce ai Asiya ba ta da babban banki guda, don haka babu wanda ke riƙe da makullin da zai kulle wani. Haka ne, kuma nan ne gizo ke saƙar.

Ƙasashen UEMOA takwas, wato Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gini Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo, suna da abin da Asiya ba ta samu ba bayan shekara ashirin tana ƙoƙari. Kuɗinsu ɗaya ne, babban bankinsu ɗaya a Dakar, kasuwar hannun jarinsu ɗaya a Abijan tun 1998. A da, gwamnati in ta matsu sai ta miƙa hannu ga babban banki ya ba ta rance har kashi 20 cikin ɗari na harajin da ta tara a shekarar baya. A farkon shekarun 2000 aka toshe wannan kafa, aka ce kowa ya tafi kasuwa. A 2013 aka kafa hukumar UMOA-Titres don tsara jadawalin gwanjo, kada ƙasashe biyu su yi karo a rana ɗaya suna neman kuɗi ɗaya. Akwai takardu masu gajeren wa'adi da ba sa wuce shekara biyu, akwai masu shekara uku, biyar, bakwai har goma, kuma ƙwaya ɗaya ta masu dogon wa'adin sefa 10,000 ce, jika goma in ji mutanen Nijar. Ma'anar wannan ga ƙasa irin Nijar, wadda ba ta taɓa fita kasuwar Landan ba, ita ce tana iya rantar ajiyar mutanen Kodebuwa da Togo da kuɗin da take karɓar haraji da shi. Bankin Lome da ya ba ta rance ba ya fargabar canji, ita ma ba ta yi. Duk abin da mutum ke ji game da sefa da tarihinta da Faransa, da ɗaurinta ga yuro a kan 655.957, wannan ni'ima ce da Ghana da Najeriya da Zambiya ba su da ita.

Sai dai duk biyan da ake yi a wannan kasuwa ta bututu ɗaya yake bi, wato BCEAO. Ƙarfin tsarin ke nan, rauninsa ke nan. Wanda ya iya ba bankin umarni ya iya sa ƙasa ta gaza biyan bashi ko da kuɗi na cikin asusunta.

An fara gwada wannan a kan Mali. Ran 9 ga Janairun 2022, a Akra, shugabannin ECOWAS da na UEMOA suka sa wa Mali takunkumi saboda sojojin Assimi Goïta sun ɗage zaɓe. Cikin makonni Mali ta fara saɓa wa'adi, ma'aikatar kuɗinta kuma ta fito ta ce kuɗin biya na nan, hanya aka toshe. Ran 24 ga Maris kotun UEMOA kanta ta ba da umarnin a dakatar da aiwatar da takunkumin. Ba a dakatar ba. Sai ran 3 ga Yuli shugabannin suka ga dama suka janye. Kowane manajan banki a yankin ya karanta darasi biyu daga wannan, cewa ana iya riƙe masa kuɗi saboda laifin da ba shi ya yi ba, kuma ko kotun ƙungiyar ta yi magana babu tabbacin za a saurare ta. Bayan shekara ɗaya aka maimaita a kan Nijar, wannan karon kotuna ma ba su ba ta gaskiya ba, aka kai har 24 ga Fabrairun 2024 kafin a ɗage. Dokar da ta kafa BCEAO, bayan garambawul na 2010, ta ce bankin ba zai nemi umarni ko ya karɓa daga gwamnatoci ko hukumomin ƙungiyar ba wajen gudanar da aikinsa. Lauyoyi za su iya kwana suna jayayya a kan ko wannan sashe ya shafi takunkumi. Mai ajiya ba ruwansa da jayayyar, abin da ya gani shi ne ran biya ta zo ba a biya ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta da rauni. Za a ce soja ya ƙwace mulki da bakin bindiga, ya kulle zaɓaɓɓen shugaba, ashe sai a bar shi ya ci gaba da ɗibar ajiyar jama'ar yanki yana biyan albashin masu gadin fada? Ni ba na cikin masu tafa wa soja, kuma wanda ya karanta tarihin yankin nan ya san juyin mulki bai taɓa cika wa talaka tukunya ba. Amma hujjar ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Hana gwamnatin soja sabon kuɗin kashewa abu ne daban, hana ta biyan tsohon bashin da zaɓaɓɓiyar gwamnati ta ci kuma abu ne daban. Na farko yana matse mai mulki. Na biyu kuwa sauƙi ma yake ba shi, don an ɗauke masa nauyin biya an kuma ba shi wanda zai ɗora wa laifi. Kuma a ƙarshe wane soja ne ya sauka? Goïta na nan, Tiani na nan. A Satumban 2023 suka kafa ƙawancen Sahel tare da Burkina Faso, a Janairun 2024 suka sanar da ficewa daga ECOWAS, a Janairun 2025 ficewar ta tabbata. An ƙona rumbu don a kashe ɓera, ɓeran kuma ya tsere.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne an san wata hanyar, an kuma taɓa bin ta. A ƙarshen 2010, da Laurent Gbagbo ya ƙi sauka bayan zaɓen Kodebuwa, ƙungiyar ta daina amincewa da sa hannunsa a babban banki. Rikicin ya yi tsanani har kasuwar hannun jari ta yi ƙaura na ɗan lokaci zuwa Bamako, ƙasar kuma ta gaza biyan ruwan takardunta na dala a farkon 2011. Amma a kasuwar yanki, BCEAO ya riƙa sabunta takardun baitulmalin Kodebuwa masu gajeren wa'adi da zarar sun cika, don kada bankunan yankin su durƙushe, daga baya aka zauna da su aka sake tsara bashin. An matse Gbagbo, an kare masu ajiya. Mutum ba zai rasa zargin cewa an yi wannan hikima ne saboda Kodebuwa ita ce babbar giwar yankin, faɗuwarta za ta danne kowa, Mali da Nijar kuwa an ga kamar za a iya jure asararsu. In haka ne, to an koya wa kasuwa cewa amana a yankin nan gwargwadon girman ƙasa ake auna ta.

Akwai kuma wasu a ɗaya gefen da suka ɗauki wannan labari suka yi tuta da shi, suna cewa a fice daga sefa, a fice daga kasuwar, kowa ya kama gabansa. Su ma ina da tambaya gare su. In an fice, ina za a ranta? Bayan ɗage takunkumi da wata biyu kacal, a Afrilun 2024, gwamnatin sojan Nijar ta koma wannan kasuwa ta ranci fiye da sefa biliyan 400 don rage bashin da ya taru. Ƙasashen uku sun bar ECOWAS da ganga da kalangu, amma UEMOA ba su motsa ba, kuma suna fita gwanjo kamar kowa. Masu mulkin sun san abin da masu ihu a dandali ba su sani ba, cewa bankunan Yamai su kaɗai ba za su iya ɗaukar giɓin kasafin Nijar ba, kuma ƙasar da ta rasa inda za ta ranta hanya ɗaya ke rage mata, ta sa babban bankinta ya buga kuɗi. Najeriya ta nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Rancen da gwamnati ta riƙa karɓa kai tsaye daga babban banki ya taru har naira tiriliyan 22.7 kafin a mayar da shi takardun shekara 40 a 2023, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Wanda ya sayi buhun masara a Dawanau a shekarar ya biya rabonsa na wannan bashi ba tare da an tambaye shi ba.

To ko da an warkar da ciwon takunkumi, kasuwar tana da wani ciwo a ciki, kuma masu yabon ta ba sa son a taɓo shi. Mafi yawan takardun bankuna ne ke saye. Bankin zai sayi takardar gwamnati, ya kai ta BCEAO jingina ya karɓo kuɗi a kan ruwa mai sauƙi, ya sake sayen wata. Muddin babban banki na sakin kuɗi, gwanjo na cika. A farkon 2023, da bankin ya ɗan ja linzami don yaƙi da tsadar kaya, gwanjo ya yi sanyi nan take, wasu ƙasashe suka kasa samun abin da suka nema, wasu suka ɗage fitowa. Kasuwar da duk masu sayenta daga rijiya ɗaya suke ɗiba, ran da rijiyar ta ja baya tare za su ji ƙishi. Kuma da yake kowa saya yake ya ajiye har wa'adi, cinikin hannu na biyu kaɗan ne, saboda haka farashin da ake gani ba ya faɗin gaskiyar haɗari sai bayan ɓarna ta auku.

Ghana ta nuna yadda ƙarshen wannan ke kasancewa. Ran 5 ga Disamban 2022, ana tsakiyar hauhawar farashi da ta kai kashi 54 cikin ɗari, gwamnati ta nemi masu riƙe da takardunta na sidi su musanya su da wasu masu ƙarancin ruwa da tsawon wa'adi. Bankuna suka tafka asara, tsofaffi 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar babbar mai shari'a ta ƙasar, Sophia Akuffo, a cikinsu. Rance da kuɗin gida bai hana gwamnatin da ta ci fiye da cikinta amai ba, ya dai sauya wanda aman zai zuba a kansa. Senegal kuma ta ƙara wani darasi. A Fabrairun 2025 kotun binciken kuɗi ta ƙasar ta bayyana cewa bashin gwamnati a ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, ba wajen 74 da aka sanar ba. Da ƙofofin waje suka tsuke, kasuwar yanki ce ta riƙe Senegal, kuma wannan shi ne ainihin aikin garkuwa. Amma ma'anarsa ita ce bankunan maƙwabta sun ƙara ɗaukar nauyin ƙasar da aka ɓoye musu lissafinta shekara da shekaru. A kasuwar gayya, ƙaryar ministan kuɗi ɗaya tana iya shiga aljihun ƙasashe takwas.

Faɗaɗa masu saye ba zai yiwu ba sai an dubi mutanen da ke yankin yadda suke. Ɗimbin attajirai da 'yan kasuwa daga Dakar zuwa Maraɗi ba za su taɓa takarda mai kuɗin ruwa ba, saboda addini, kuma ba wani taron wayar da kai da zai sauya wannan. Dukiyarsu tana cikin shanu da filaye da zinariya da hatsi. Sukuk, inda mai zuba kuɗi ke mallakar wani yanki na kadara ya karɓi haya, shi ne ƙofar da za su iya shiga. Malesiya ta gina babban ɓangare na kasuwarta a kan wannan. Senegal ta fitar da na sefa biliyan 100 a 2014, Kodebuwa da Togo da Mali suka biyo baya, Najeriya ta fara nata a 2017 da naira biliyan 100 don hanyoyi, kuma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ga allunan. Amma har yanzu jefi-jefi ake yi, kamar bikin shekara, maimakon a sa shi a jadawali kowane wata.

Sai kuma katangar da ke tsakanin Najeriya da maƙwabtanta. Asusun fansho na Najeriya, wanda dokar 2004 ta haifar, ya haura naira tiriliyan 20 a 2024, fiye da rabinsa kuma yana kwance a takardun gwamnatin tarayya, mai bashi ɗaya tilo. Wannan shi ne kuɗi mai dogon numfashi da kasuwar yanki ke nema, ita kuma kasuwar ita ce wurin rarraba haɗari da asusun ke nema. An kafa majalisar haɗa kasuwannin jarin Afirka ta Yamma tun 2013, an ƙaddamar da tsarin biya na PAPSS a Akra a 2022 don a daina bi ta dala tsakanin maƙwabta, kuɗin bai-ɗaya na eco kuwa an ɗage shi sau da dama har ya kai 2027. Ba sai an jira eco ba, Asiya ba ta jira kuɗi guda ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, kwangilarsa ta kusa dala biliyan biyu, alhali fasinjan Ɗambatta da ɗan kasuwar Jibiya da naira da sefa za su biya kuɗin jirgi. Da wuya a sami aikin da ya fi wannan dacewa da takardar da za a sayar a Legas da Abijan lokaci ɗaya.

Sai dai wane mai kula da fanshon malaman makaranta ne zai sayi takardar maƙwabciya bayan ya ga abin da ya faru a 2022 da 2023, ya kuma san shugaban ƙasarsa ne ya jagoranci zaman Abuja? Shi ya sa gyaran farko ba na fasaha ba ne. A rubuta a yarjejeniyar ƙungiyar, da harshen da ba ya buƙatar lauya, cewa biyan masu riƙe da takardun kasuwar yanki ba ya cikin abin da takunkumi ke taɓawa. In an kulle asusun wata gwamnati, a buɗe asusun amana a BCEAO wanda kuɗi ke shiga daga baitulmalinta, ba ya fita sai zuwa hannun masu bin ta bashi. Takardun da wa'adinsu ya cika a lokacin rikici a sabunta su kai tsaye kamar yadda aka yi wa Kodebuwa, ba tare da sisi ya shiga hannun mai mulki ba. Shugabanni za su ci gaba da riƙe sauran makamansu, hana tafiye-tafiye, kulle dukiyar hafsoshi, dakatar da ƙasa daga zama. Ministocin kuɗi na ƙasashen takwas, har da na Mali da Burkina Faso da Nijar, suna cikin majalisa ɗaya ta UEMOA, kuma bankunan kowace daga cikinsu suna riƙe da takardun sauran bakwai.